ZANCEN LAFIYA: Kafson Mai Da Ciwon Kirci, Ina Gaskiyar Take?

Ga shi Allah ya sake kawo mu lokacin hunturu, iska ta juyo daga arewa ɗauke da ƙura, leɓuna sun soma tsagewa, dugadugai sun soma faso. A nan Minna sanyinmu bai kai na Jos ko na Kano ba, amma bushewar iska daga watan Disamba zuwa Fabrairu ba ta ƙyale kowa ba, tun daga Bosso har Chanchaga. Ga yawancin mutane wannan ƙaramin abu ne, a shafa mai a wuce. Amma akwai gidajen da in hunturu ya shigo sun yi sallama da barci ke nan, domin akwai yaro a ɗaki wanda zai kwana yana susa har fata ta ɗaye, jini ya ɓata zanen gado, uwa ta kwana riƙe da hannuwansa, gari ya waye uba ya fita neman magani ido jawur.

To, irin wannan uba shi ne kasuwar masu sayar da mai. Ko ya nufi Kasuwar Kure, ko ya shiga kemis, ko kuwa wakilan kamfanonin nan masu talla gida-gida da ta wayar hannu su cim masa, za a nuna masa kwalba mai kyan gani cike da kafso masu ruwan zinariya. Za a ce masa man tsirrai ne daga Turai, yana gyara fata daga ciki, kuma ba shi da illa tun da ba na asibiti ba ne. Kuɗin kwalba ɗaya ya isa cefanen kwanaki, ga shi za a ce sai an sha wata uku kafin a ga aiki. Abin da za mu duba a filinmu na wannan mako shi ne, shin shan man tsirrai yana maganin kirci? An daɗe da gwada abin, amsar kuwa tana nan a rubuce, ya kamata mai fid da kuɗinsa ya ji ta tun bai kwance bakin aljihu ba.

WANE CIWO MUKE NUFI?

Tilas mu fara da wannan, domin a ƙasar nan an cakuɗa sunaye. In mutumin Nijeriya ya ce yana da ekzima, galibi yana nufin ƙyasbi ne, watau tabon nan fari ko baƙi da ke fitowa a wuya da ƙirji da baya, wanda ba ya cika ƙaiƙayi. Ƙyasbi wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna ke kawo shi, kuma abincinta maiƙo ne, saboda haka labta masa mai ƙara mata abinci ne kawai. Makero shi ma funfuna ne, ƙazuwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami a fata. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da maganinsa dabam.

Wanda likitoci ke kira ekzima shi ne kirci, kuma irin da muke zance a kansa shi ne mai bin jini, wanda ke tafiya tare da fuka da yawan atishawa a dangi ɗaya. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba kuwa sammu ba ne. Galibi yana farawa kafin yaro ya cika shekara biyar. Ga jariri yakan fito a kumatu da goshi, in ya girma sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Littattafan Turawa suna cewa wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata irin tamu sai ka ga wurin ya ƙara duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki, in an daɗe ana susa kuma ya yi kauri kamar ƙirgi. A wasu ƙasashe yana kama yaro ɗaya cikin biyar. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna kashi 8 da rabi cikin 100 na masu zuwa ganin likitan fata wannan ciwo ne ya kawo su.

Yadda abin yake kuwa, fatar mutum kamar katangar tubali take. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Mai kirci an haife shi da katanga mai raunin kwaɓi, ruwan jiki yana fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta suna shiga. Da sun shiga sai garkuwar jiki ta tashi da faɗa fiye da kima, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, a sosa, katangar ta ƙara rushewa. A 2006 masana a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotilan suka gano cewa naƙasar wani sinadarin fata mai suna filagirin na daga cikin manyan dalilan wannan rauni ga Turawa, ko da yake binciken da aka yi a Habasha daga baya ya nuna irin wannan naƙasa ba ta da yawa a can.

ASALIN ZANCEN MAI

Tunanin cewa a sha mai don a gyara fata ba daga sama ya faɗo ba, yana da tushe. A 1929 wani masani a Jami'ar Minesota ta Amurka, George Burr, da matarsa Mildred, suka hana ɓeraye duk wani maiƙo a abinci, sai fatar ɓerayen ta bushe ta yi ɓamɓaroki. Daga nan aka gane akwai wasu sinadaran mai waɗanda jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci. A 1933 wani likitan yara a wannan jami'a, Arild Hansen, ya ba da rahoton cewa jinin jarirai masu kirci yana da ƙarancin irin wannan maiƙo, ya riƙa ba su man masara da makamantansa. Zancen ya lafa bayan 1952, shekarar da aka fara shafa maganin haidurokotizon a fata aka ga yana kwantar da kirci cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya sake tayar da zancen shi ne wani likita Bature ɗan Ingila, David Horrobin, wanda ya taɓa koyarwa a makarantar likitanci ta Nairobi a Kenya. Hujjarsa ita ce, jikin mutum yana ɗaukar sinadarin linolik, wanda ke cikin man gyaɗa da man riɗi da man waken suya, ya juya shi zuwa wani sinadari da ake taƙaita sunansa da GLA, shi kuma masu kirci jikinsu ba ya iya wannan juyi sosai. In haka ne, ai sai a ba su GLA ɗin kai tsaye. Ana samunsa kuwa a cikin ƙwayar wani fure na Amurka ta Arewa mai buɗewa da yamma, wanda ake rubuta sunan mansa a jikin kwalba da Turanci evening primrose oil, kusan kashi 9 cikin 100 na man. Akwai kuma wani tsiro mai suna borage, wanda GLA ɗinsa ya ninka wancan fiye da sau biyu.

A ƙarshen shekarun 1970 Horrobin ya kafa kamfanin Efamol, wanda daga baya ya zama Scotia. A 1982 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Biristol kan mutum 99, wanda ya nuna kamar man yana taimakawa. A 1988 hukumomin Ingila suka ba shi lasisi da sunan Epogam, likitoci suka shiga rubuta shi, gwamnati tana biya. Duk wanda ya ji wannan tarihi zuwa nan zai ce abin nema ya samu.

SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Kafin mu ci gaba, bari mu bayyana yadda ake gwada magani, domin nan ne gizo yake saƙa. Akan tara marasa lafiya a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin, ɗayan kuma a ba su kafson wofi mai kama da shi sak, amma ba maganin a ciki. Marar lafiya bai san wanda yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, sai an gama a buɗe takarda. In maganin na ƙwarai ne, lalle waɗanda suka sha shi su fi 'yan kafson wofi samun sauƙi.

A 1985 wani likitan fata a Amurka, Joel Bamford, ya yi wannan gwaji kan mutum 123, bai ga wani bambanci ba. A 1989 mutanen kamfanin suka haɗa gwaje-gwaje tara suka ce man yana aiki, amma suka bar na Bamford a waje, alhali kuwa shi ne mafi girma a lokacin. A 1993 wasu likitoci biyu a Lesta ta Ingila suka sake gwadawa, har suka haɗa da man kifi, nan ma ba bambanci. A 2002 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta janye lasisin Epogam, domin ba a sami hujjar da ta isa ta nuna yana aiki ba.

Masu goyon bayan man suka ce ai GLA ɗin ne ya yi kaɗan, a gwada mai ƙarfi. Aka kuwa gwada. A 2003 mujallar BMJ ta buga gwajin man borage da aka yi a Ingila, inda mutum 140, manya da yara, suka kammala mako 12 suna sha, sakamakon ya fito daidai da na kafson wofi. A wannan shekara Farfesa Hywel Williams na Jami'ar Notingham ya rubuta sharhi a mujallar yana cewa lokaci ya yi da za a sallami wannan zance. Daga ƙarshe, a 2013, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tattara duk gwaje-gwajen da aka yi kan magani ta auna su, ta duba gwaji 27 da suka ƙunshi mutum 1,596, 19 kan man furen nan, 8 kan borage. Hukuncinta shi ne, ko ɗaya daga cikinsu bai fi kafson wofi ba, a idon likita ko a bakin marar lafiya. Shekara guda kafin wannan, ƙungiyar ta duba gwaji 11 kan man kifi, da man sanfulawa, da zinki, da bitamin iri-iri, ta ce ba ta ga gamsasshiyar hujja ba.

Ke nan abin da ake kawo mana yau a matsayin sabon ilmi daga Turai, masu shi sun cire shi daga jerin magungunan kirci tun 2002. Har yanzu ana sayar da shi a can, amma a matsayin ƙarin abinci, wanda doka ba ta neman ya nuna yana warkar da kome.

Zancen cewa ba shi da illa shi ma akwai gyara a ciki. Yakan kawo tashin zuciya, da ɓacin ciki, da ciwon kai. Ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, yana iya ƙara haɗarin zubar jini. Shi kuma tsiron borage yana ɗauke da wani dafi mai cutar hanta, wanda sai an tace man da kyau ake raba shi da shi, mai saye a kasuwa kuwa ba shi da hanyar sanin an tace ko ba a tace ba.

TO ME YA SA WASU KE RANTSUWA DA SHI?

Na san akwai mai karatun da zai ce, ai ni na ba ɗana kuma na ga sauƙi da idona. Ba mu ƙaryata shi ba, ya ga sauƙi. Sai dai kirci ciwo ne mai tashi da kwanciya don kansa. Yaushe mutum ke fita neman magani? Ran da ciwon ya fi tsanani. Daga ƙololuwa kuwa ba inda za a nufa sai gangare, ko an sha magani ko ba a sha ba. A lissafa kuma da yanayin garinmu. Wanda ya sayi kwalba cikin Janairu aka ce ya sha wata uku, zai gama ne cikin Afrilu, daidai lokacin da iska ta juya, hadari ya fara haɗuwa, laima ta dawo. Ruwan sama ya yi aiki, kafso ya karɓi godiya. Daɗin daɗawa, yara da yawa suna rabuwa da ciwon ko ya ragu ƙwarai sa'ad da suke girma, sai a jingina wannan ga abin da aka ba su na ƙarshe. Saboda irin wannan ruɗani ne aka ƙirƙiro gwaji da kafson wofi, kuma a waɗancan gwaje-gwaje 'yan kafson wofi su ma da yawa sun ce sun ji sauƙi.

Wani kuma zai nuna maka lambar NAFDAC a jikin kwalba ya ce ga shaidar gwamnati. A duba da kyau. Maganin gargajiya da lambarsa ta ƙare da harafin L, ma'anarta an auna shi an ga ba ya cutarwa nan take, aka ba shi izini na ɗan lokaci. Shi ya sa hukumar ke tilasta a rubuta a jikinsa cewa ba ta tantance abin da mai maganin ya ce yana warkarwa ba. Rubutun yana nan da ƙananan baƙaƙe, mutane ne ba sa karantawa.

Game da man habbatus-sauda, wanda ya cika kemis-kemis na magungunan Musulunci, darajar ƙwayar a wurin Musulmi sananniya ce, ba kuwa ita muke taɓawa ba. Abin da muke cewa shi ne, gwaje-gwajen da aka yi da man kan ciwon fata kaɗan ne kuma ƙanana, sa'an nan likitoci sun sha ba da rahoton mutanen da suka shafa shi tsantsa fatarsu ta yi bori har ta tashi ruwa. Kada a zuba shi a kan ɗanyen kircin jariri, kuma kada a ajiye maganin asibiti saboda shi. Neman magani wurin masaninsa ai shi ma koyarwar addini ce.

SHA DABAM, SHAFA DABAM

Inda mai yake da amfani na haƙiƙa shi ne a bisa fata. Tun da katanga ce ta yi rauni, yaɓe take bukata, kuma duk likitocin fata sun haɗu a kan cewa shafa mai kullum shi ne ginshiƙin kula da kirci. Amma ba kowane mai ba. A 2013 masana a Jami'ar Shefil ta Ingila suka sa mutum 19 suna ɗiga man zaitun a hannu har mako huɗu zuwa biyar, sai aka ga ya raunana fatar har ta yi ja, alhali man sanfulawa bai yi haka ba. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin man zaitun ne iyaye mata da yawa ke shafa wa jarirai a yau suna ganin gata suke yi musu. Cinsa a abinci lafiya ne, shafa shi ga mai kirci ne ba a so. Man gyaɗa ma a yi hattara, domin wani bincike da aka buga a 2003 ya sami alaƙa tsakanin shafa mai mai gyaɗa a fatar jariri mai ƙuraje da kamuwa da borin gyaɗa daga baya.

Man kwakwa kuwa ya fito da ɗan haske. A ƙasar Filifin, a 2014, an gwada shi kan yara 117 har mako takwas, tsananin ciwon ya ragu da kashi 68 cikin 100 ga waɗanda aka shafa wa man kwakwa, da kashi 38 ga waɗanda aka shafa wa farin man kanti. Gwaji ɗaya ne, amma alama ce mai kyau. Ga kuma albishir ga talaka: a 2022 an buga sakamakon gwaji kan yara 550 a Ingila, inda aka kwatanta manyan nau'o'in man shafawa huɗu, daga mai ruwa-ruwa har mai kauri irin basilin, ba a sami wanda ya fi wani ba. Watau man da ya fi shi ne wanda yaro ya yarda da shi, aljihu kuma ya iya saye a kai a kai. Farin basilin marar turare ya wadatar.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke ƙofar gidanmu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, Jihar Neja kuwa tana sahun gaba a Nijeriya. Matan Nufawa da Gwari da Kambari sun gaji tsintar kaɗanya da dafa ta da tuƙa man tun kaka da kakanni. Baturen nan Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, ya yaba man kaɗe a labarin tafiyarsa ta farko, har masana suka taɓa laƙaba wa itacen sunansa. Cibiyar NIFOR tana da reshen binciken kaɗanya a Bida. A watan Agusta na 2025 aka buɗe babbar masana'antar tace man kaɗe a Kudu cikin ƙaramar hukumar Mokwa, kuma a wannan wata Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar zuwa waje na wata shida, don a riƙa sarrafa ta a gida. Kamfanonin Turai suna saye su zuba kaɗan a man shafawa su dawo mana da shi da tsada.

Man kaɗe yana da kauri, yana rufe fata ya hana ruwa fita, kuma ba kasafai yake sa bori ba. Gwaje-gwajen da aka yi da shi kan kirci kaɗan ne kuma ƙanana, saboda haka matsayinsa na man shafawa ne mai kyau da araha, kada wani ya ɗaga shi ya ce warkarwa yake yi, mu koma gidan jiya. Mai son amfani da shi ya nemi tsantsa mai tsabta, wanda bai yi ɗoyi ba, ba a kuma gauraya shi da turare ko wani abu ba. A fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan na kwana biyu ko uku.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko a kai yaro asibiti a tabbatar da ko wane ciwo ne. Ga Babban Asibitin Minna, ga Asibitin Ƙwararru na IBB, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nemi a tura shi ga likitan fata. Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada a daɗe. A ajiye soso mai kaushi, da sabulun magani, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti, sabulun salo ma yana da kaifi ga irin wannan fata. In an fito a dangwala tawul a hankali, a shafa mai nan da nan tun jiki da sauran danshi, a maimaita sau biyu ko uku a rana, ko da fata ta yi kyau. Ba ɗan lakato ake nufi ba, a Ingila ƙa'idar da aka ba likitoci ita ce giram 250 zuwa 500 a mako ga yaro. A sa masa tufafin auduga, a guji ulu da leda a jikin fata, a yanke masa farce, a nisanta shi da turare. Kada kuma a hana yaro ƙwai, ko madara, ko kifi, don an ce su ke tayar da ciwon, sai in likita ya tabbatar, kada garin neman gira a rasa ido.

Sa'ad da ciwon ya tashi, mai kaɗai ba ya kwantar da shi, sai an haɗa da maganin shafawa dangin kotizon wanda likita zai rubuta. Marar ƙarfi, irin haidurokotizon kashi 1 cikin 100, shi ake sa wa fuska da jarirai. Awonsa kuwa, abin da aka matso daga kan yatsan manuni zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. A shafa a wurin ciwon kaɗai, na kwanakin da aka faɗa. In an bi wannan ƙa'ida ba abin tsoro.

Abin tsoro shi ne man nan mai haɗi uku da ake saye a kemis ba takardar likita, wanda wasu iyaye ke zubawa cikin man jariri ana shafa masa daga kai har ƙafa wata da watanni. Yana ɗauke da kotizon mai ƙarfin gaske. Yana sa fata ta yi siriri, ta yi haske, ta tsattsage, yana hura wutar makero, yana kuma iya shiga jini ya kumbura fuskar yaro ya tauye girmansa. Irin wannan sinadari ne ke cikin man bilicin da yawa, wanda a 2023 NAFDAC ta ce ya zama babbar matsalar lafiya ta ƙasa. Haɗe-haɗen da ake sayarwa cikin robobi marasa suna ana cewa na tsirrai ne zalla, in ka ga sun share ƙuraje cikin kwana biyu, to ka yi zargin akwai abin da aka zuba. In kuwa wurin ya soma tsatsar ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso gaba ɗaya da zazzaɓi, wata cuta ce ta hau, a garzaya asibiti a ranar.

KIRA GA HUKUMA

Muna kira ga NAFDAC da ta sa ido kan tallan da ake yi a rediyo da lasifika da wayar hannu, domin abin da aka hana rubutawa a kwalba shi ake faɗa da baki. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja da ta koya wa malaman ƙananan asibitoci bambance kirci da ƙyasbi da makero da ƙazuwa, a kuma riƙa faɗa wa mata ranar awo da ranar rigakafi, da Hausa da Nufanci da Gwaranci. Sa'an nan muna kira ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da reshen NIFOR na Bida, da likitocin asibitocinmu, su haɗa kai su yi wa man kaɗe irin gwajin da mutanen Filifin suka yi wa man kwakwarsu, a kwatanta shi da basilin kan yaranmu, cikin hunturunmu. In ya ci jarrabawa, matan karkara sun sami kasuwa da hujja, iyaye sun sami sauƙi. In bai ci ba, mun huta da zato.

Kai kuma uban yaro, kuɗin da za ka ba mai kafso, raba shi biyu: rabi ka yanki kati ka ga likita, rabi ka sayi man shafawa mai yawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyaye haƙurin jinya.